Kafaɗun Malam Lawan

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma tsaya daga bakin ƙofa, kada ka tako mini tabarma."

Haka kakarmu Iyatu ta amsa gaisuwar ƙanena Lawan, ranar da muka je gidanta a Gyaɗi-Gyaɗi bayan azahar. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, shi ya sa ba ta kiran sunansa. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata Amarya. Da na dawo daga karatu a Indiya, na kawo masa tsarabar da ya roƙa: garin furotin, wanda masu ɗaga ƙarfe ke damawa su sha. Cikin 'yan watanni, yaron da iska ke kaɗawa ya cika ƙofa. Ranar ma robar garin tana hammatarsa, zai wuce wurin motsa jiki a Tarauni.

"Amarya, yau kuma yajin a ɗakinki za ki yi?" in ji Lawan.

"Ni ba yaji na yi ba, korarka na yi. Ko ka bar shan wannan toka, ko ka bar shigo mini."

"Toka? Daga madara fa ake yin sa. Ruwan da ke saura in an yi cuku, shi ake busarwa."

"Au, ruwan da ake zubarwa? Shi ɗan'uwanka ya ɗoro a jirgi? Lallai an yi karatu."

"Kishi ne kawai. Kin ga 'yan matan Darmanawa sun fara leƙe ta katanga."

"Su leƙa mana. Ba kullum ake ganin buhun siminti yana tafiya da ƙafa ba."

"Buhun da ke goya ki zuwa asibiti? Da can cewa kike na cika rama, ba zan iya riƙe mace ba."

"Na faɗa. Amma ban ce ka je ka kwaso kafaɗun mutane ba."

"Na wa na kwaso?"

Iyatu ta ajiye mafici. Ba ta dube shi ba, bango take kallo.

"Na mai sunanka. Har yadda ta hagu ta ɗan sauka, inda yake saɓa cinyar saniya a kasuwa lokacin yana fawa. Wuyan ma nasa ne. Tsohon nan mai goro na bakin layi, shekaranjiya da ka wuce, bai miƙe tsaye ba?"

Lawan ya yi 'yar dariya. "Ya miƙe. Na zaci ƙarfina ya gani."

"Ya aiko yana tambayata ko lafiya."

"To ai riba kika ci. Tsoho ya tafi, an dawo miki da shi sabo fil."

"Ni guda na aura. Biyu sun yi mini yawa a ɗaki ɗaya."

"Biyu?"

"Jiya da la'asar, ba ka ture labulen nan da kafaɗa ka ce in ba ka ruwa ba?"

"Amarya, jiya ban zo unguwar nan ba. Ina Unguwa Uku har magariba."

"Na sani. Ai sai da na miƙa kofin na lura mai sunanka ne. Rigar ta yi masa yawa, wuya kamar na zakara. Tunda nake ban taɓa ganinsa a rame haka ba. Ya sha, ya ce in gaya wa yaron nan ya rage masa wani abu."

Na duba fuskarta ina neman alamar wasa. Ban samu ba, ban kuma rasa ba. Iska ba ta kaɗawa, amma sai na ga Lawan ya matsa daga jikin labulen.

"Wallahi tsohuwar nan kin iya shiri," ya ce, muryarsa a ƙasa. "To in na daina, in shigo?"

"Ka shigo har ka ci tuwo."

Ya durƙusa, ya tura mata robar har gaban tabarma. "Ga ta. Kin ci. A zubar a kwata."

Iyatu ta janyo ta, ta buɗe, ta shinshina, sannan ta fashe da dariya har da hawaye.

"A zubar? Cokali nawa ake sawa? In ya dawo da la'asar in dama masa."