Yadda kawuna ya zama mutum uku

Ranar Litinin, a bakin tagar wani ofishi, aka shaida wa kawuna cewa ba shi ba ne. Yana tsaye da sandarsa, shekara tamanin da ɗaya a duniya, yana sauraro.

Abin da ya kai mu bai taka kara ya karya ba. Kawu na so ya sayar wa Lastri, 'yar ƙanwarsa, gidansa, don ita ta shekara tara tana dafa masa shinkafa tana wanke masa tufafi. 'Ya'yansa suna birni, kuma tuni sun gama magana da wani mai gina shaguna. In Kawu ya cika kafin a sa hannu, gida ya zama gado, Lastri da yaranta sai titi. Ga ƙirjin Kawu ba lafiya.

Yallaɓai Mai Hatimi ya duba takardar gida, ya duba katin shaida. Takarda ta ce Ponimin. Kati ya ce Hardjosoewito.

"Wanne ne mai gidan?"

"Duk ni ne, ɗana. Ponimin sunan yarinta ne. Da na yi aure iyaye suka ba ni sunan manya, kamar kowa."

"Baba, a takarda ku biyu ne. A zo da wanda ya san Ponimin tun yana yaro."

Ku ji basira. A nan tsibirinmu na Jawa, inda kakan Yallaɓai ɗin kansa ya sauya suna ranar aurensa, yau al'adar ta zo masa baƙuwa.

Da na kai kuka wurin Pak Wagiyo, mai shayin bakin layinmu, ko ɗaga kai bai yi ba. "Haka abin yake, ɗan boko. Ka sa wa Mai Hatimi na taba a cikin takardun, Ponimin zai dawo da ƙafarsa." Wannan "haka abin yake" ta fi Mai Hatimi ƙona mini rai. Shi aƙalla ana biyansa don ya hana abu tafiya. Mu kyauta muke taya shi. Na ce ba zan ba da ko karan taba ɗaya ba.

A duk ƙauyen, mutum ɗaya ta rage da ta san Kawu yana yaro: Mbah Tukinem, wadda ba ta gaishe shi ba tun rigimarsu kan magudanar ruwa, kafin a haife ni. Lastri ta durƙusa mata kwana biyu, sannan ta ɗauko ta a babur.

"Iya, kin san wannan?" in ji Mai Hatimi.

"Ponimin mai majina? Tun ba ya sa wando. Sunan manya ya samu, hankalin ne har yau yana hanya."

"Ke ma haƙoranki sun riga ki tafiya," in ji Kawu.

Babu shaidar da ta wuce wannan. Aka buga takarda, aka danna hatimi: Ponimin da Harjosuwito mutum ɗaya ne. Har na fara jin kunyar zagin da na yi a zuci.

Sai a taga ta gaba Uwargida Mai Rajista ta ɗora yatsa a kan sunan. Magatakarda ya rubuta shi da rubutun zamani, kati kuwa na ɗauke da tsohon rubutu na zamanin Turawa. Harjosuwito daban, Hardjosoewito daban.

"Yanzu ku uku ne, Baba. A dawo wata mai zuwa, mai gyarawa ya tafi taron inganta aiki."

Lastri ta juya baya don kada mu ga fuskarta. Muka koma gida da Kawu. Can ya sa aka zaro ledar magungunan da ya daɗe yana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, ya haɗiye biyu da ruwan shayi.

"Lastri, daina kuka. Babu wanda zai mutu cikinmu sai an sa hannu."

Likita ya yi wata shida yana roƙonsa ya sha maganin, bai sha ba. Saboda haka duk mai cewa ofisoshinmu ba sa aiki, ya zo ya ga Kawu yana zagaya gida da sassafe, yana motsa jini.