Goshin Pyo Man-seok a Hawa na Tara

"Ni za a gwada wa lafiya? Ni da nake hawa dutse duk Lahadi!"

In ji maƙwabcina Pyo Man-seok ke nan, sarkin cika baki na unguwarmu a garin Chuncheon. Dutsen kuwa, duk mun sani a gindinsa yake yada zango, wurin mai taliya.

Saura wata uku ya yi ritaya daga tashar bas, sai ya ƙwallafa rai a kan sabbin gidajen da aka gina wa 'yan shekara sittin. Ɗaya tak ya rage mai kallon kudu, a hawa na tara, rana har tsakar ɗaki. Sharaɗin kawai, mutum ya iya kula da kansa.

Ranar tantancewa gogan naka ya dulmiya gashinsa a baƙin rini. Matarsa Geum-rye ta nufi lif.

"Baban Hye-rin, zo mu shiga."

"Lif na tsofaffi ne. Ki same ni a sama!"

Ya kama matakala yana ta fito da baki. A hawa na huɗu ya daina. A na shida ya rungumi ƙarfen matakala. Ya isa gidan yana haki, rini ya bi gumi har haɓa. Manaja, wata 'yar budurwa, ta miƙo kujera.

"Baba, zauna ka huta."

"Wane baba? Tsaya ki ga gwiwa!"

Sai ya zube zai nuna irin gaisuwar da ake yi wa manya a sabuwar shekara, goshi a ƙasa. Ƙas! Baya ya riƙe.

"Baba, ya isa haka, tashi mana."

"Ɗumin daɓen nake dubawa," ya ce.

Minti goma yana duba ɗumi. Ƙarti huɗu suka ɗauke shi a naɗe kamar kwaɗo, kuma wallahi a lif aka sauko da shi.

Geum-rye ita aka ba gidan da sunanta. Shi kuwa aka kwantar da shi a ɓangaren jinya na gidajen, tagarsa na kallon barandar da take shanya barkono. Na bi ta dubiya, na tarar ya kumbura fam.

"Sai yaushe zan tare?" ya tambaye ta.

"Kwantar da hankalinka, Baban Hye-rin. Goshinka ya riga ya tare. Na goge, na goge, tabon rinin ya ƙi fita daga daɓen, sai na ɗora masa tukunyar fure."