Farfesun Wanke Jini

Ranar Asabar na sha giya a bikin abokina a garin Laurel, alhali Litinin za a gwada fitsarina a sabon aiki. Ban damu ba, mu 'yan Jos mun san maganinta: farfesun akuya. Kwano uku na shanye, na yi gumi sharkaf, na shaida wa yayata Saratu, wadda nas ce, jinina ya wanku tas.

Ko musu ba ta yi ba, ta miƙo mini tsinken gwaji. "Shiga bayi, Likita."

Tsinken ya tona ni.

"Giya takan kai kwana uku a fitsari," ta ce, ta sa na ɗage gwajin. Albarkacinta na sami aikin. Amma har yau in an sauke farfesu sai ta ce, "A fara zuba wa Likita, zai shiga tiyata."