Baƙin Tabon da Farfesa Ya Yaba

Kai, asibitinmu ya yi dace! Allah ya ba mu Farfesa Kallo-Ɗaya, likitan da cuta ke jin takun takalminsa ta tattara komatsanta. Tabarau a goshi, biro huɗu a aljihu, ɗalibai a baya kamar 'yan rakiyar amarya. Ba ya tambaya, don tambaya aikin marasa sani ce.

Ranar Talata aka kawo wani tela mai ciwon suga, idon dama ya kumbura suntum, hanci na fitar da baƙin ruwa. Matarsa na riƙe da hannunsa tana cewa a taimaka, da idon nan suke ci.

Aka shigar da shi na'urar hoton maganaɗisu, aka yi masa allurar da ke haska nama mai rai. Hoto ya fito. Farfesa ya gyara tsayuwa, ya ɗora biro kan wani baƙin tabo a kogon hanci.

"Ku buɗe ido, yara! Fari shi ne cuta, baƙi iska ce. Kun ga nan? Fes! Kogo ya fi ɗakina tsabta. A ba shi maganin ɗigawa ya tafi gida."

Mai ɗaukar hoton, wadda ta shekara ashirin a gaban na'urar, ta yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wurin nan nama ne, ba iska ba. Naman ya ƙi shan allurar ne saboda ya riga ya mutu. Funfuna ce ke cin sa, ta doshi ido. Yau ya kamata a yi aiki."

"Baiwar Allah, ke danna maɓalli aka ɗauke ki yi. Ni na yi lacca a ƙasa tara!"

To, funfuna dai ba ta halarci laccar ba. Bayan kwana huɗu aka dawo da tela ranga-ranga, likitocin tiyata suka ƙwaƙule idon don su ceci ransa. Abin ya ƙona mini rai, wallahi.

Amma ina kunya ga gwani? Washegari sai ga Farfesa bakin gadon tela da zugarsa.

"Wannan shi ne mara lafiyar da ni na fara gano cutarsa. Hajiya, matsa in duba na hagun."

Matar ta miƙe, ta tare gadon da jikinta.

"Likita, mun gode. Ɗaya ya rage mana. Don girman Allah kada ka duba shi."