Yadda Za Ka Zagaya Da Baƙo Garinku Alhali Kai Ma Ba Ka San Shi Ba

In an haife ka a ƙaramin gari irin namu na Oberlindach, ka shekara sittin kana hango tsohuwar hasumiyar kan dutse ta tagar kicin amma ba ka taɓa hawanta ba, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu baƙon da zai gano ka.

Na gwada su a kan maƙwabcina Ottmar, mai gyaran famfo. 'Yarsa Ronja za ta yi aure, uwar angon kuma, Malama Wiebke, ta taso takanas daga Hamburg don ta ga irin gidan da ɗanta zai shiga. Shekara talatin ta yi tana koyar da tarihi. Abu ɗaya Ronja ta roƙa: "Baba, don Allah kada ka ba ni kunya a gabanta."

Mataki na 1: Zaɓi Litinin

Ranar Litinin gidan tarihi yake hutu, kowa ya sani. To, kai ka manta. Kai baƙuwa har bakin ƙofa, ka girgiza ta sau biyu, ka dafe kai. Haka Ottmar ya yi.

"Kash! Malama, kin yi rashi. Da na nuna miki abubuwa!"

"Kamar me?"

"Tsofaffin abubuwa," in ji shi. Ka ga amsar gwani ke nan, babu mai ƙaryata ta.

Mataki na 2: Yi shigar masana

Takalmin hawan dutse, sanduna biyu, jaka a baya. Idan takalmin sabo ne, turmuza shi a lambu tukuna. A garin nan mai taɓo a ƙafa ba a tambayarsa hujja.

Mataki na 3: Duk abin da ya rushe, Faransawa ne

Kada ka wahalar da kanka da shekaru. An nuna maka kango, ka ce Faransawa. An nuna gunki marar hanci, ka ce Faransawa. Sun yi nisa, ba za su zo su kare kansu ba.

Sai dai ka lura da abin da ake nunawa. A bayan coci Malama Wiebke ta tsaya gaban wata karyayyar katanga.

"Wannan fa?"

"Faransawa."

Ta sunkuya ta ƙwanƙwasa. "Ikon Allah. Da bulon siminti suka same ta?"

Motar madara ce ta daki katangar bara waccan, Ottmar ma yana tsaye a wurin aka yi. Ya yi tari, ya nuna mata wani tsuntsu.

Mataki na 4: Toshe ta da kek

Ƙarfe uku lokacin kofi da kek ne, ko gobara ake yi sai an zauna. Nan ne makaminka. Tura mata yanka uku na kek ɗin tuffa da kirim tuli a kai, domin cikakken ciki ba ya hawan dutse.

Wannan matar ta cinye ukun tas, ta goge baki, ta miƙe. "Madalla. Saura hasumiya."

In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Mataki na 5: Ka ce ɗan tattaki ne

Ko wace irin tafiya ce, ka ce minti ashirin. Suka yi awa guda. Malama tana gaba kamar akuya, Ottmar yana baya yana haki, sabon takalmi na cin dugadugansa. Da ya tsaya sai ya ce yana sauraron daji ne. Abu ɗaya ke riƙe da shi: tun yana yaro ya ji ana cewa hasumiyar a kulle take.

A kulle kuwa take. Har ya fara dafe kai.

Mataki na 6: Riga baƙo karanta allo

A nan Ottmar ya saɓa mini. A jikin ƙofar akwai ɗan allo, irin wanda ake sa wa kowace tsohuwar hasumiya don mai son shiga ya san gidan da aka ba ajiyar makulli. Malama ta sa tabarau ta karanta da ƙarfi: "Makulli yana hannun iyalin Brandl, Titin Coci, gida mai lamba tara."

Ta juyo. "Malam Ottmar, ba kai ne Brandl ba?"

Ya ciro waya ya kira matarsa.

"Irmtraud, wai wane makulli?"

"Wanda ke rataye bayan ƙofar kicin mana, tun zamanin babanka! Kana zaton su wa ke danna mana ƙararrawa duk Lahadi?"

"Na ɗauka masu wa'azi ne."

"Kai dai ka ji kunya. Tsaya nan, ga ni."

Cikin minti biyar ta iso a mota, domin ashe akwai kwalta har sama ta bayan dutsen.

Mataki na 7: Ko ana ha-maza ha-mata kada ka hau

Ya hau. Matakala ɗari da arba'in. Da suka fito saman, ya riƙe ƙarfe ya leƙa, sai ga garin duka kwance a ƙasa.

"Malama," ya ce, "ban taɓa hawowa nan ba. Ban san komai a kan Faransawa ba."

"Tun a ƙofar gidan tarihi na gane. To, me ka sani?"

Ya miƙa hannu. "Kin ga jan rufin can? Nan aka haife ni. Wancan gidan burodin, a nan na fara ganin Irmtraud tana yi wa mai shago faɗa. Gadar can, a kanta Ronja ta koyi keke, ta faɗa rafi sau biyu. Babana yana kwance ƙarƙashin waccan bishiyar." Ya share ido, ya ɗora laifin a kan iska. Gida gida ya bi, wanda ya gina, wanda ya mutu, wanda famfonsa ke yoyo. Ni kaina da na ji labarin sai da tausayinsa ya kama ni, duk da ya ɓata mini tsari.

Malama Wiebke ta cire tabarau ta ce, "A nan sama za a ɗauki hoton biki. Kai za ka buɗe ƙofa."

Gargaɗi

Babu ruwana da abin da zai biyo baya. Ottmar yanzu yana yawo da makullin nan a wuya, duk wanda ya tsaya tambayar hanya sai ya ja shi sama. Ni ma ya sa mini rana, Asabar mai zuwa. Idan ka bi shawarata ka tsinci kanka a kan hasumiya kana share hawaye a gaban suruka, kada ka zo ƙofata. Ko ka zo ma ba za ka same ni ba, na tafi neman takardar likita kan ciwon gwiwa.