Turmin Balki

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da damina ta ƙi mu a Tsamaye ba, musamman ranar da dangin mai nemana suka zo daga Isa don su gan ni.

A gidanmu akwai Balki, 'yar yayana. Gyaɗa ba ta karɓe ta ba, ko lasa ta yi sai leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Shi ya sa Inna, kakarmu, ta ware mata ɗan turminta da ludayinta.

Ni aka sa aikin baƙi, kwaɗon zogale da fura. Ina cikin daka sai ga ɗan hadari ya taso daga gabas. Na ɗaga kai, na tafi. Na ga gero ya fi ni tsawo, fadama ta cika, ga ni cikin lalle ana guɗa (ruwan sama har da ƙanshin turare, don mafarkina ba ya rowa). Da na dawo duniya, ashe a turmin Balki na daka ƙuli-ƙulin kwaɗon.

Ruwan wankewa kuwa sai an je nesa. Na goge turmin da dusa, na ce ai ya fita, na kirɓa mata furarta a ciki.

Ina ɗaki na lulluɓe, ina kunyar da ta kamaci amarya, na kai hannu hanci. Ƙanshin gyaɗa, alhali hannun ma ya sha dusar! To, ina ga turmin? Na leƙa, ga Balki a cinyar gwaggon saurayina da ƙwaryar furarta, ludayi ya kusa baki.

Ban san na fito ba. Na tsallake tabarma, mayafi ya tafi nasa wuri, na kai wa ƙwaryar mari. Fura ta sauka a kan gwaggo tun daga ɗankwali.

Ta share ido ta ce, "Wagga ita ta amaryar tamu?"

Inna ta dube ni. "Ke, mi kinka daka cikin turmin yarinyag ga?"

Na faɗa da bakina, a gaban kowa, ina kuka. Balki ma kuka take, ita na furarta. Ko ɗigo bai shiga bakinta ba, alhamdulillahi. Turmin kuwa, Inna ta hana a ƙara yi mata komai a ciki.

An dai ɗaura auren. Na koyi cewa dusa ba ta fitar da mai daga itace. Gwaggo kuwa har yau, in na miƙa mata fura, sai ta ja baya tukuna.