Wasu Sun Ce Dila Ne

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan na Roni ba, ko da yake ba zan rantse a kan kowace kalma ba. An ɗan kwana biyu, kuma kunya takan goge wani wurin ta ƙara wa wani gishiri.

Nasiru abokina ne tun muna karatu a Kazaure. A lokacin shi ne mai jita a wata ƙungiyar samari huɗu da suka sa wa kansu suna Tsawa, masu kiɗan Turawan nan mai ƙara, wanda ake kaɗa masa kai har wuya ya sage. Ni ne babban masoyinsu (wasu za su ce ni kaɗai ne, amma a iya tunawata mun kai bakwai). Duk inda suka ja janareta ina biye da su cikin baƙar riga. Da aka gama karatu mai ganga ya tafi bautar ƙasa bai dawo ba, wani ya buɗe shagon gyaran waya a Babura, Tsawa ta yi tsit. Nasiru ya ɓace wata takwas, ko tara. Sai ga shi daga Gwiwa, ya aske tulin gashin nan, ya kafa hula, yana rungume da gurmi.

Gurmin na aro ne. Na malaminsa ne, wani dattijo mai suna Baba Ɗanjuma, kuma da sharaɗi: Nasiru zai yi wasansa na farko shi kaɗai a bikin ɗan Alhaji Sale a Roni, Baba yana zaune yana ji. In ya yi kyau gurmi ya zama nasa. In bai yi ba ya mayar.

To, mawaƙin gargajiya ba ya wasa gida sai ya san iyaye da kakanni, kuma akan sami mai raɗa masa sunaye a kunne. "Mutumina, kai ka karanta tarihi," in ji Nasiru. "Ka binciko min gidan, ka tsaya a kunnena. Duk abin da ka faɗa shi zan rera, don in na fara kiɗa ba na tunani." Ya gaya min fa. Wannan ba zan musa ba.

Kwana uku ina hawa acaɓa da littafina. Abin alfaharin gidan shi ne mahaifin Alhaji, marigayi Malam Iro, ya taɓa kashe kura da sanda a gindin dutse. Dattawa biyu suka tabbatar min. Ta ukun, Hajiya Yalwa, yayar Alhaji, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Wace kura? Dila ne, ɗan nan. Shi ma gurgu." Na rubuta, kamar yadda aka koya mana.

Ranar biki bayan la'asar aka cika rumfa, dattawa a gaba, mata a gefe. Nasiru ya taɓa gurmi. Murna ta ɗebe ni har na fara kaɗa kai irin na zamanin Tsawa, sai da Baba Ɗanjuma ya harare ni na nutsu. Ina raɗawa, yana rerawa. Na ce, "Malam Iro, mai kashe kura da sanda." Ya rera, mata suka rangaɗa guɗa, Alhaji ya gyara zaman babbar riga.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma sai na ji kamar malaminmu na tarihi yana tsaye a bayana yana tambayar ina ɗaya majiyar. Na sunkuya, don dai Nasiru ya sani kawai, na ce, "Amma wasu sun ce dila ne."

Ya rera. Ido a rufe, da murya mafi daɗi da na taɓa ji daga bakinsa. Har sau biyu.

Can daga ɓangaren mata aka ɗaga murya: "Gurgu! Kun manta gurgu!" Hajiya Yalwa ce. Wuri ya fashe da dariya, mata suka ɗauki abin suka mai da shi amshi, suna tafi: "Wasu sun ce dila ne!"

Alhaji ya miƙe. "Haba Yaya, a gaban surukai?"

"Kana goye a lokacin, Sale, me ka sani?"

"Wa ya ba mawaƙin nan labari?"

Ban san yatsu suna da yawa haka a Roni ba, sai da duk suka nuno ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba wai na ce dila ba ne. Saɓanin ruwaya aka samu."

"Saɓanin ruwaya? A kan ubana?"

Nasiru ne ya cece mu. Bai tsayar da kiɗa ba, ya juya baitin nan take: "Ko kura ce ko dila, da gari ya kulle ƙofa, wa ya fita da sanda in ba Iro ba?" Guɗa ta dawo. Alhaji ya koma ya zauna yana gyaɗa kai. Hajiya ma ta ce wannan kam gaskiya ne.

Da aka tashi Baba Ɗanjuma ya kira mu. "Gurmi naka ne, Nasiru, tunda ka iya fitowa daga ramin da aka tura ka. Amma wannan malamin, a ba shi kujera can baya, nesa da kunnenka."

Har yau ina bin wasannin Nasiru, daga baya. Na kuma koyi cewa ba a kare kundin digiri a gidan biki. Duk wanda ya halarta ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko min da gyara. Musamman Hajiya, don ban tabbatar ba ko ƙafar dama ce dilan yake ɗingisawa ko ta hagu.